Dajin da mutanen birni ba su sani ba, wa zai tsaya masa?

Yau maganar daji za mu yi, amma daga tsakiyar kasuwa za mu ɗauko ta, domin waɗanda muke so su saurara da kunnen basira su ne mutanen Fagge da Sabon Gari: masu shaguna a Kantin Kwari da Singa da kasuwar Abubakar Rimi, da yaran shagonsu, da malaman makarantun unguwannin nan. Da wuya a sami wani yanki a Arewa da mutanensa suka fi na nan sabo da tafiya. Filin jirgin saman Malam Aminu Kano a ƙaramar hukumar Fagge yake, layin dogo ya iso Kano tun 1911, manyan motocin Kudu a Sabon Gari suke lodi, kuma akwai samarin Kwari da suka san kasuwannin Dubai da na Caina lungu-lungu. Amma a tambayi yawancinsu yaushe rabonsu da bakin ruwan Tiga, ko sun taɓa tsayawa a dajin Falgore ba wucewa da gudu a hanyar Jos ba, ko sun taɓa ganin giwa tana kiwo a sake, sai a ji shiru. Ra'ayin da zan kare a yau shi ne, fita daji don kamun kifi da hawan duwatsu da kallon namun dawa aiki ne da ya kamata mutanen birni su ɗauka da gaske, saboda dajin da masu murya a gari ba su taɓa gani ba, ba ya samun mai yi masa magana ranar da aka zo cinye shi.

Mu fara da abin da babu gardama a kansa, wato irin cin da birni yake yi daga daji. Ruwan da matatar Tamburawa ke tacewa ta turo cikin gari na Kogin Kano ne, shi kuwa daga madatsar Tiga ake sako shi, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, tafki mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 178. Kafin ruwan nan ya taru a Tiga, sai da ya gangaro daga tsaunukan kudu ya ratsa dajin Falgore. Itatuwa da ciyayin dajin su ne ke riƙe ƙasa, su karya gudun ruwan sama har ya samu ya shige ƙasa a hankali. Ranar da aka sare su, damina za ta kwashi ƙasar ta zuba cikin tafki, yashi da laka su cinye gurbin da ruwa ya kamata ya zauna. Da wannan ruwan ake noman tumatir da shinkafa da alkama a Kadawa da Kura da Garun Malam. Kifin da ake saukewa a kasuwar Galadima, ɗanye da banda, wani daga madatsun jihar nan ya fito, wani daga fadamun Haɗeja da Nguru, wani tun daga Tafkin Chadi. Gawayin da mai tsire da mai gashin masara da mai guga suke hurawa kowace rana, itace ne da ya tsaya da ransa a wani daji kafin a sare shi. Ke nan mutumin Fagge yana shan daji, yana cin daji, yana hura daji, alhali bai san ko dajin yana ƙaruwa ne ko yana ƙarewa ba. Ɗan kasuwar da ke saye a hannun dila guda shekara da shekaru ba zai yarda ya zauna bai san halin da dilan nan yake ciki ba, amma haka muka zauna da wurin da ruwan shanmu ke fitowa.

Shi dajin Falgore yana da nisan kimanin kilomita 150 kudu da birni, ya shafi ƙananan hukumomin Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, faɗinsa kuma ya doshi murabba'in kilomita 1,000. Tun zamanin Turawa aka keɓe shi da sunan gandun dajin Kogin Kano, daga baya aka ɗaga shi ya zama gandun namun daji. Shugabannin da suka riƙi Kano a farkon samun jiha sun yi tunanin cewa Bakano zai riƙa ɗaukar iyalinsa ya fita shan iska a ƙasarsa, shi ya sa a zamanin Audu Baƙo aka buɗe gidan zu a cikin gari, aka gina masauki a bakin tafkin Bagauda, aka gina wani a kan dutse a Tiga. A yau Bagauda makarantar horon lauyoyi ce, sunan Falgore kuwa in ya fito a labarai, yawanci maganar 'yan fashi da ɓarayin shanu ce ta fito da shi, har ta kai a 2017 sojoji suka mai da wani sashensa filin atisaye. A ƙarshen 2020 gwamnatin tarayya ta sanya Falgore cikin sababbin gandayen ƙasa guda 10 da ta amince a kafa, tare da Baturiya ta Jigawa da Kogo ta Katsina. Mataki ne mai kyau, sai dai amincewar da aka rubuta a Abuja ba ita ke biyan mai gadin daji albashi ba, ba ita ke zuba wa babur ɗin sintiri mai ba. Abin da ke sa gwamnati ta ware kuɗi shi ne ta ga akwai jama'ar da za su tambaye ta in ba ta ware ba, jama'a kuwa ba sa tambayar abin da ba su taɓa gani ba.

To ta yaya zuwan ɗan birni zai kare dabba ko itace? Amsar tana wajen mutumin ƙauyen da ke maƙwabtaka da dajin, domin shi ne yake yanke hukunci kullum. A wurinsa gwanki nama ne na kwana biyu, maɗaci katako ne, ƙirya gawayi ce, giwa kuwa ɓarnar gona ce. Ba mugunta ke sa shi yin wannan lissafi ba, iyali gare shi. Lissafin ba zai sauya ba sai ran da dabbar da ke raye ta fara kawo masa abin da ya fi na matacciya. Maƙwabtanmu na Nijar sun gwada wannan a Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, inda ragowar raƙuman dawa na Afirka ta Yamma suke. A 1996 ba su kai 50 ba a duk duniya. Wurin kuma ba shi da shinge, raƙuman dawan suna yawo ne tsakanin gonakin gero da wake, suna ma yi wa manoma ɓarna. Aka hana kashe su, aka kafa ƙungiyar 'yan rakiya daga matasan ƙauyukan, duk baƙon da ya zo kallo sai ya biya ya ɗauki ɗaya daga cikinsu, masu tallafi kuma suka haƙa rijiyoyi suka ba da ƙananan basussukan sana'a da sunan dabbar. Cikin shekara 20 da 'yan kai adadin ya haura 600, har a 2018 aka kwashi guda 8 aka kai gandun Gadabeji da ke jihar Maraɗi, inda irinsu suka ɓace tun shekaru da dama. Manoman Kure ba su fi na Doguwa son dabba ba. An dai shirya al'amarin ne yadda barin dabbar da rai ya zama riba gare su, masu zuwa kallo kuwa suna cikin waɗanda suka sa ribar ta tabbata.

A ɓangaren ruwa ma muna da misali a gida, wanda ya girmi duk wata ƙungiyar kare muhalli. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo siffarsa ta yanzu a 1934 lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyarar da ta tabbatar da sulhu tsakanin Sakkwato da Kabi, kan doka guda ya tsaya: ana hana su a Matan Fada sai lokacin biki, Sarkin Ruwa ne ke tsare wannan doka, kuma saboda an bar kifi ya huta shi ya sa ake fito da giwan ruwa da sai ƙarti sun taru kafin su ɗaga ta. Hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin al'adun duniya da ya kamata a adana a 2016. Abin lura shi ne, idon baƙi na cikin abubuwan da ke ƙarfafa dokar, domin garin da ya san dubban mutane za su zo kallo ba zai bari a kwashe kifin da dare ba. Wannan darasi ya shafi madatsun Tiga da Challawa da Watari. Masunta da kansu suna kukan masu sa taru mai ƙananan idanu da ke kwashe 'ya'yan kifi, da masu zuba guba a ruwa, da masu su a farkon damina lokacin da kifi ke ƙwai. Mai zuwa daga birni da fatsarsa ranar hutu, ya yi hayar kwale-kwale, ya biya masunci ya nuna masa inda tarwaɗa da ƙarfasa da kurungu suke kwanciya, ya sayi abinci a garin, shi ba ya rage kifin tafki da komai, amma kuɗin da zai bari ya fi na kifin da ya kama. A Amurka tun 1950 akwai dokar da ta ɗora haraji a kan kayan kamun kifi na nishaɗi, ana mayar da kuɗin ga jihohi don kula da koguna da tafkuna, shi ya sa masu wannan sha'awa suka zama su ne kan gaba wajen ƙorafi duk lokacin da aka ɓata ruwa. Mu da Rafin Jakara ya ratsa ta gefenmu, mun san yadda ruwa ke komawa idan babu wanda yake jin nasa ne.

Yankari ta jihar Bauchi ta nuna fuska biyu na maganar. An keɓe ta a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, ta zama gandun ƙasa a 1991, sannan ta koma hannun jiha a 2006. Faɗinta murabba'in kilomita 2,244 ne, Kogin Gaji ya ratsa ta, ga ruwan ɗumi na Wikki da ke fitowa daga ƙarƙashin dutse da zafin da bai cika gushewa daga digiri 31 ba, rani da damina. Ta sha wahalar mafarautan hauren giwa da sakacin hukuma, zakunanta sun kusa ƙarewa. Duk da haka har yau akwai garken giwaye a cikinta, akwai ɓauna da gwanki da dorina da gwaggon biri, alhali dazuzzuka da yawa da aka keɓe a zamani guda da ita sun zama fayau. Dalilan suna da yawa, amma babba a cikinsu shi ne ba a taɓa daina zuwa Yankari ba. Ɗalibai suna zuwa, iyalai suna zuwa, 'yan jarida suna zuwa, don haka in an kashe giwa ana ji, in masauki ya lalace ana magana, gwamna ma ya san za a tambaye shi.

Na san abin da ke bakin mai sauraro tun ɗazu: tsaro. Wannan ita ce hujja mafi nauyi, kuma duk wanda ya raina ta bai san halin da ake ciki ba. Dajin Kamuku na Birnin Gwari gandun ƙasa ne tun 1999, amma ya zama mafakar 'yan bindiga. Rugu a Katsina haka. Sambisa da duniya ta san ta da Boko Haram, gandun namun daji ce tun asali. Ita kanta Kure da na yaba, ranar 9 ga Agustan 2020 'yan bindiga suka kashe mutum 8 a can, Faransawa 6 ma'aikatan agaji da 'yan Nijar 2, ɗaya daga cikinsu shugaban 'yan rakiyar ne. Saboda haka ba na ce wa kowa ya ɗauki 'ya'yansa ya kutsa Falgore gobe ba, kuma duk wurin da jami'an tsaro da masu unguwannin yankin suka ce kada a shiga, to kada a shiga. Rai ba a wasa da shi. Amma mu dubi yadda dazuzzukan nan suka faɗa hannun miyagu. Ba dare ɗaya aka wayi gari aka gan su a ciki ba. Sai da aka bar masu gadi babu albashi babu kayan aiki, hanyoyin sintiri suka toshe, masaukai suka rushe, ƙafar mutanen kirki ta ɗauke, sannan waɗanda ke neman inda ido ba ya kai wa suka samu wuri. Ba na da'awar cewa masu yawon buɗe ido za su kori ɗan bindiga, wannan aikin hukuma ne. Abin da nake cewa shi ne, guje wa daji gaba ɗaya ba ya rage haɗarin, ƙara masa fili yake yi, har ya biyo mu kan titi. Idan sojoji suka share wuri suka tafi, aka bar shi ba mai gadi, ba mai ziyara, ba ɗan ƙauyen da ke cin abinci da zaman lafiyarsa, waɗanda aka kora za su dawo. Hanyar hankali ita ce a fara daga kusa, daga inda ake da tabbaci, a tafi da rana, a ƙungiya, da sanin hukuma da sarakunan wurin, sannan a riƙa matsa wa gwamnati ta faɗaɗa da'irar wuraren da za a iya zuwa.

Akwai kuma haɗarin da bai shafi bindiga ba, wanda mu ne muke jawo shi da sakaci. Mutanen Kano ba su manta da kifewar jirgin ruwa a Bagwai a ƙarshen Nuwamban 2021 ba, inda sama da mutum 20 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya. Duk wanda zai kai yara bakin tafki, wajibi ne ya ƙirga kujerun jirgi, ya tabbatar kowa ya sa rigar ruwa, kada a shiga da magariba, kada kuma a bar yara su yi wanka a gefen ruwan da ba ya gudu, inda tsargiya take.

Hujja ta biyu ita ce wai wannan ɗabi'ar Turawa ce, aikin wanda ya ƙoshi ya rasa abin yi, Bahaushe kuwa in ya shiga daji to itace ko nama ko magani ya je nema. Gaskiya ne kakanninmu ba su san tikitin shiga gandu ba, amma sun san daji sani na ƙwarai. Fataken da suka riƙa sauka a Fagge da raƙumansu, da waɗanda suka bi hanyar Gwanja neman goro, watanni suke yi a dawa, sun san kowane rafi da kowane tsauni. Harshenmu cike yake da sunayen da yaran birni yanzu ba su san masu su ba: kanki, mazo, gada, gwambaza, gauraka, zalɓe, kirinjijiya, ɗinya. Muna da Sarkin Dawa da Sarkin Baka da Sarkin Ruwa, muna da hurumi da burtali, ƙasar da al'umma ta yarda ba a nomawa. Har yau da rani samari na cika motoci da karnuka su tafi farauta, ranar Sallah kuwa gidan zu ba ya iya ɗaukar jama'a saboda yawansu. Sha'awar tana nan, hanyar da za ta bi ce ba a gyara mata ba. Ta fuskar addini ma, malamai sun sha karanta mana umarnin yin tafiya a bayan ƙasa da duban halitta don a yi tunani, kuma akwai surorin Alƙur'ani da ke ɗauke da sunan saniya da ƙudan zuma da tururuwa da gizo-gizo da giwa. Masu tsoron kada fita shaƙatawa ta zama ƙofar shashanci suna da gaskiyarsu, domin an ga inda hakan ta faru. Maganinsa shi ne mutanen kirki su shirya tafiyar da kansu, uba da 'ya'yansa, malami da ɗalibansa, a tsaya a yi salla a kan lokaci. In dattawa suka ƙaurace wa wuri, marasa kunya ne ke gaje shi.

Sai maganar kuɗi. Za a ce mutumin da ke fama da kuɗin makaranta da na haya, ina shi ina yawon daji? Wanda ba shi da hali babu laifi a kansa, ba kuma da shi nake ba. Amma Dutsen Dala da Goron Dutse a cikin gari suke, kuɗin adaidaita sahu ne tsakaninsu da Fagge, kuma yaron da ya hau Dala ya hangi faɗin Kano ya fara koyon abin da ake nufi da duban ƙasa. Tiga tafiyar yini ce, a je da safe a dawo da yamma, in mutum 18 suka haɗa kuɗin bas guda nauyin ba zai kai na ankon biki ɗaya ba. A kasuwannin nan akwai adashe, akwai ƙungiyoyin layi-layi, akwai attajiran da ke ɗaukar nauyin gasar ƙwallo da walimar saukar karatu. Masu wannan ƙarfin su nake kira.

Hujjar da ta fi cancantar a tsaya a kanta ita ce ta masu cewa baƙi ma ɓarna suke yi, kuma sau da yawa in aka ce za a kare daji, talakan da ke zaune a gefensa ne ke shan wuya. Wannan gaskiya ce da tarihi ya tabbatar a ƙasashe da dama, inda aka tashi makiyaya da manoma daga ƙasar kakanninsu don baƙo ya ɗauki hoto, kuɗin shiga kuma ya tafi babban birni. Mu ma muna da namu misalin na yadda birni ke yanke shawara a kan ruwa ba tare da tuna na ƙasa ba. Bayan an datse Kogin Kano a Tiga, aka kuma datse Challawa a 1992, ambaliyar da ke shayar da fadamun Haɗeja da Nguru kowace shekara ta ragu ƙwarai, ruwan da ake sakowa ba kan lokaci ba ya ba ciyawar kacalla dama ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da manoma da makiyaya suka yi asara mai yawa. Mutanen Kano nawa ne suka san da wannan? Da suna zuwa suna gani da idonsu, da muhawarar rabon ruwan ta yi wani armashi daban. Don haka sharaɗin da ya kamata mu riƙe shi ne, duk tsarin da za a yi wa Falgore ko Baturiya, mazauna wurin su kasance a cikinsa tun daga farko. Maharbin da ya san sawun kowace dabba shi ya fi dacewa da aikin rakiya da gadi, da albashi. Bafulatanin da ya san mashaya da burtali a zauna da shi a shata inda za a yi kiwo. Ruwanda tana ware kashi 10 cikin 100 na kuɗin da gandayenta ke samu don ƙauyukan da ke kewaye da su, babu abin da zai hana Kano ta rubuta irin wannan a doka. Shi kuma baƙo ladabinsa a bayyane yake: kada ya zubar da leda, kada ya kunna wuta a ciyawa, kada ya tsorata dabba da kiɗa, kada ya ɗauki hoton matan mutane ba izini, kada ya sayi naman daji ko ɗan biri a bakin hanya, domin duk abin da ya saya yau gobe za a kamo wani.

Wani zai ce to me ma ya rage da za a gani? Manyan dabbobi sun yi ƙaranci, wannan haka yake, amma ƙasar ba ta mutu ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu tsuntsayen ruwa dubbai kan dubbai suna sauka a fadamun Haɗeja da Nguru, da yawansu sun keto Sahara ne daga Turai suna gudun sanyi, abin da ya kawo Yarima Philip na Ingila Dagona, a cikin fadamun nan, a 1989, ya kuma sa aka sanya tafkin Nguru cikin dausayoyin da duniya ta amince da muhimmancinsu a 2000. Mai son hawa ga duwatsun Rano da Rurum, ga tsaunukan Riruwai inda aka yi haƙar kuza, ga Kufena a Zariya. A Birnin Kudu, kan hanyar Bauchi, akwai zanen shanu da mutanen da suka riga mu suka bari a jikin duwatsu. Mai son ganin giwa kuma ya nufi Yankari a ƙarshen rani, wajen Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da ciyawa ta kwanta, ruwa ya janye, dabbobi suka taru a bakin Gaji.

Kirana ga shugabannin kasuwannin Kwari da Singa da Sabon Gari, da masu makarantun boko da na Islamiyya, da limamai da shugabannin coci na yankin nan, shi ne kowace ƙungiya ta sa fita guda ɗaya a tsarinta na bana, ta fara da Dala ko Tiga, ta nemi shawarar jami'an tsaro da hakimin wurin kafin ta tashi, ta ɗauki ɗan gari ya yi mata jagora ta kuma biya shi haƙƙinsa. In an dawo, a rubuta abin da aka gani, mai daɗi da marar daɗi, a kai wa ɗan majalisar da ke wakiltar Fagge, a tambaye shi nawa aka ware wa masu gadin Falgore a kasafin kuɗin jiha, da kuma inda aka kwana a kan maganar mai da shi gandun ƙasa.